Daga Neman Ƙiba Zuwa Neman Rama: Waiwaye a Kan Tarihin Shayin Rage Ƙiba na Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, garin neman ƙiba an samo rama. Wannan karin magana kaɗai ya isa ya nuna wa mai nazari matsayin da Bahaushen dauri ya ba waɗannan abubuwa biyu a cikin tunaninsa: ƙiba ita ce abin nema, rama kuwa ita ce asarar da ake gudu. To, amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A yau a cikin garuruwanmu, har da Minna da unguwanninta irin su Shango da Tunga da Bosso, akwai mata da maza masu yawa waɗanda ramar suke nema da kuɗinsu, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi dogara a kansu shi ne ɗan kwalin nan na shayi mai rubutun Sinanci, wanda ake cewa yana narkar da kitse, yana ɗauke tumbi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi sawun wannan shayi tun daga tushensa. Za a duba yadda masana magungunan gargajiya na ƙasar Sin suka ɗauke shi, da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Hausa, da abin da ke cikin kwalin, sannan da darussan da tarihi ya bari game da amfaninsa da haɗarinsa. Abin da mai karatu zai tarar a ƙarshe shi ne, yawancin abin da ke aiki a cikin wannan shayi tsirrai ne da kakanninmu suka sani da sunayensu, kuma suka san iyakarsu.

2.0 Shayi a Matsayin Magani a Ƙasar Sin

Kafin shayi ya zama abin sha na hira da karɓar baƙi, Sinawa magani suka ɗauke shi. Tarihihinsu na danganta gano shi ga wani sarki na zamanin da can mai suna Shennong, wanda suke cewa shi ya koya wa mutane noma, ya kuma riƙa ɗanɗana tsirrai da kansa don ya rarrabe mai amfani da mai guba. Da sunansa aka sa wa littafin magunguna mafi tsufa da suke da shi, wanda aka harhaɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Littafin ya ƙunshi magunguna 365, kuma ya kasa su gida uku. Na sama su ne marasa guba da za a iya jimawa ana sha, na tsakiya su ne waɗanda ake sha da lura, na ƙasa kuwa su ne masu ƙarfi da guba, waɗanda ake sha don korar cuta a kuma daina da zarar ta tafi. Ke nan tun ran gini tun ran zane: maganar daɗewa ana shan magani da maganar dainawa suna cikin harsashin wannan ilimi.

A zamanin daular Tang, wato daga shekarar 618 zuwa 907, shan shayi ya game ƙasar. A wajejen shekarar 760 ne Lu Yu ya rubuta shahararren littafinsa a kan shayi, inda ya yi bayanin nomansa da sarrafa shi da dafa shi. Kafin shi da 'yan shekaru, wajejen 739, wani masanin tsirrai mai suna Chen Cangqi ya riga ya lura cewa mutumin da ya daɗe yana shan shayi yakan rame, kitsen jikinsa ya ragu. Masu tallar shayin rage ƙiba na yawan kafa hujja da wannan lura tasa. Sai dai ya kamata a san cewa a wancan zamani mace mai cikar jiki ita ake yabo a fadar Tang, kamar yadda zane-zane da mutum-mutumin yumɓu na lokacin suka nuna. Don haka ana iya fahimtar maganar a matsayin jan kunne ga mai zarcewa da sha.

Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa na magunguna a shekarar 1578, aka buga shi a 1596 bayan rasuwarsa, ya tattara magunguna 1,892. Da ya zo kan shayi, ya siffanta shi da ɗaci da sanyi, ya nuna yana dacewa da mai ƙarfin jiki wanda zafi ya yi masa yawa, yana kuma cutar da mai rauni da mai sanyin ciki idan ya lazimce shi. Wannan rabon cututtuka da magunguna zuwa na zafi da na sanyi ba zai zama baƙo ga wanda ya taɓa zama gaban mai maganin gargajiya a ƙasar Hausa ba.

Ita kanta ƙiba, likitocin Sin na dauri sun fi danganta ta da taruwar majina da damshi a cikin jiki, sakamakon raunin kayan ciki da yawan cin maiƙo da zaƙi. Likita Zhu Danxi, wanda ya rayu daga 1281 zuwa 1358, yana daga cikin waɗanda suka ƙarfafa wannan fahimta. Muhimmin abu a nan shi ne tsarin aikinsu. Likita zai ji bugun jijiyar hannun majiyyaci, ya duba harshensa, ya tambaye shi cinsa da barcinsa da bayan gidansa, sannan ya haɗa masa maganin da ya dace da shi shi kaɗai. Haɗin kansa tsarin fada gare shi: akwai tsiron da ke matsayin sarki, da waziri mai ƙarfafa shi, da mataimaki mai rage masa kaifi, da jakada mai kai shi inda ake so. Bayan 'yan kwanaki majiyyaci ya dawo, a sake duba shi, a ƙara wani abu, a rage wani. Kwali guda da za a sayar wa kowa da kowa, yaro da babba, mai ciki da mai jego, ba ya cikin wannan tsari.

3.0 Yadda Shayi Ya Iso Ƙasar Hausa

Kalmar shayi ita kanta matafiyiya ce. Daga Larabci muka aro ta, su kuma Larabawa ta iso musu ne daga kalmar Sinanci ta cha, ta hanyar fatake. Kalmar ti kuwa, wadda muka ji daga bakin Turawa, asalinta wani karin harshe ne na gaɓar tekun kudancin Sin. Waɗannan kalmomi biyu na nuna hanyoyi biyu da shayi ya biyo zuwa gare mu.

Hanya ta farko ita ce ta Sahara. Koren shayin Sin ya shiga Maroko a ƙarni na 18 a matsayin abin shan sarakuna da attajirai. Masana tarihi da dama na ganin ya yaɗu ga talakawa ne a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da yaƙin Kirimiya ya toshe wa 'yan kasuwar Ingila wasu kasuwanninsu, suka karkato da hajarsu zuwa tashoshin jiragen ruwan Maroko. Daga nan ayarin raƙuma ya tsallako da shi, Buzaye suka rungume shi, har ya zama ba a raba Buzu da 'yar butarsa da gawayi da ƙananan kofuna. Har yau yawancin ganyen da ake dafa wannan shayi da shi a Agadas da Maraɗi da Kano daga Sin yake zuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta Turawan mulkin mallaka da kantunansu da jirgin ƙasa. Layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ta Minna ya ratsa, kuma shi ya mayar da ita mahaɗar matafiya da ma'aikata. A irin waɗannan garuruwa na tasha ne sana'ar mai shayi ta kafu: tebur da benci, tukunyar ruwan zafi, gwangwanin madara, sukari, burodi da ƙwai. Abin lura shi ne, shayin da Bahaushe ya saba da shi ta hanyoyin nan biyu, shayin ƙarin ƙarfi ne, mai kauri da zaƙi. Wanda ya ce wa mai shayin bakin tashar Minna a shekarun 1970 cewa wata rana za a sayi shayi don a rame, da dariya zai ba shi.

4.0 Sauyin Tunani Game da Ƙiba

A al'adar Bahaushe, cikar jiki shaidar hutu ce da wadata. Amaryar da ta murje bayan 'yan watanni, yabon mijinta ake yi. Mai jego kunun kanwa da gasasshen nama ake ɗura mata don ta mayar da jikinta. Tumbi a jikin namiji alamar ya samu ne. Rama kuwa tambaya take jawowa: ko ciwo, ko baƙin ciki, ko rashin abinci a gidan. Da cutar nan mai karya garkuwar jiki ta ɓulla, aka ba da rahoton farko a kanta a Nijeriya a 1986, sunan da Hausawa suka laƙaba mata, ƙanjamau, daga ƙanjamewar jiki aka samo shi. A shekarun 1990 mutumin da ya rame farat ɗaya ya shiga bakin duniya.

Abubuwa da dama ne suka taru suka juya wannan tunani. Zaman birni ya rage wahalar jiki, babur da mota sun maye gurbin tafiyar ƙafa, injin niƙa ya karɓe aikin turmi da dutsen niƙa, lemon kwalba da soye-soye suka yawaita. Hawan jini da ciwon sukari suka zama ruwan dare, likitoci suka riƙa cewa a rage jiki. A ɗaya gefen kuma talabijin da finafinai, daga baya wayar hannu, suka kawo wani sabon ma'aunin kyau.

A daidai wannan lokaci ne ƙofar ciniki da Sin ta buɗe. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971, ita kuma Sin ta soma sakin harkokin kasuwancinta daga 1978. Masana'antunta suka ɗauki tsofaffin haɗe-haɗen tsirrai suka mayar da su hajar kanti a cikin 'yan jakunkunan takarda. Daga ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwarmu suka soma zirga-zirga zuwa birnin Guangzhou, kayan Sin suka cika kasuwannin Legas da Anacha da Kano. Sai kuma kamfanonin nan masu tsarin ka saya ka kawo wani ya saya, waɗanda suka shiga ofisoshi da makarantu da gidajen aure. Ta haka shayin ya iso unguwa irin Shango, wadda ke kan hanyar da ta fita daga Minna zuwa Paiko da Suleja, inda ma'aikata da ɗalibai da matafiya ke cuɗanya. Yau ana samun sa a shagon kemis, da hannun mai talla a tashar mota, da wurin 'yar aji ɗaya mai sayarwa ta waya. Likitan da ke jin bugun jijiya ya duba harshe, shi kam an baro shi a Sin.

5.0 Abin da Ke Cikin Kwalin da Amfaninsa

Wanda ya karanta jerin abubuwan da aka haɗa irin wannan shayi da su, zai tarar da 'yan tsirrai ƙalilan suna maimaituwa. Akwai ganyen shayi kansa, ko kore, ko wanda ake kira ulon, ko fu'ar na lardin Yunnan. Akwai ganyen wani tsiron ruwa mai kama da bado. Akwai wani jan ɗan itace mai tsami da suke kira shan zha, wanda suka daɗe suna sha bayan cin nama mai maiƙo don ya taimaka wa narkewar abinci. Sai kuma biyun da suka fi shafar mu.

Na farko shi ne wanda Sinawa ke kira jue ming zi. Wannan ba wani abu ba ne illa 'ya'yan tafasa, tafasar nan da ke tsirowa a bakin hanya da juji da damina, wadda mata ke yin kwaɗo da ganyenta. Tun a tsohon littafin Shennong aka ambace ta cikin magungunan sama. Sukan soya 'ya'yan su jiƙa, su sha don lafiyar ido da sassauta ciki. A 'yan shekarun nan 'yan kasuwa na sayen 'ya'yan tafasa buhu-buhu a kasuwannin Arewa suna fitarwa zuwa ƙasashen Asiya, har da Sin. Ba abin mamaki ba ne a ce abin da aka saya a wurinmu da mudu ya dawo mana a ƙirge cikin kwali.

Na biyu shi ne fan xie ye, wanda ma'anar sunansa ita ce baƙon ganye mai sa zawo. Sunan kansa ya tona asiri: ba ɗan asalin Sin ba ne, shigo da shi aka yi, kuma a makare ya shiga littattafansu. Shi ne Larabawa ke kira sana makki, wanda likitocinsu suka yi rubutu a kansa tun ƙarni na 9, aka daɗe ana fataucinsa daga Sudan da Masar ta tashar Iskandariyya. Mu kuwa filasko muke ce masa. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tarar da Hausawa sun san shi sarai. Kowace tsohuwa ta san filasko maganin wanke ciki ne, a sha sau ɗaya a huta, kuma ba a ba mai ciki.

To, mene ne amfanin da aka tabbatar? Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin kafeyin da wasu sinadarai masu ɗan ƙara saurin ƙona abinci a jiki. A shekarar 2012 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koren shayi da rage nauyi, ta tarar ragin kaɗan ne ƙwarai, bai kai a dogara da shi ba. Babban amfaninsa yana wani wuri: wanda ya ajiye lemon kwalba da shayi mai madara da cokali huɗu na sukari, ya koma tsurar shayi, ya rage wa jikinsa kaya mai yawa a kullum. Filasko da tafasa kuma suna sauƙaƙa wa mai fama da taurin bayan gida na ɗan lokaci. Amma aikin filasko a babban hanji yake, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki. Sikeli zai nuna an ragu da safe, a sha ruwa nauyin ya dawo da yamma, kitse yana nan inda yake.

6.0 Darussan da Tarihi Ya Bari

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A shekarar 1990 wani asibitin rage ƙiba a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam ya ƙara tsirrai biyu na Sin a cikin ƙwayoyin da yake ba mata, haɗe da magungunan Bature masu kashe sha'awar abinci. Ɗaya daga cikin tsirran sunansa han fang ji. Wajen fataucinsa sai aka musanya shi da wani mai suna guang fang ji, wanda ke ɗauke da guba mai cin ƙoda. A 1993 likita Jean-Louis Vanherweghem da abokan aikinsa suka wallafa rahoton mata tara da ƙodarsu ta lalace cikin hanzari. Kafin ƙarshen shekarun, adadin ya haura 100, da yawansu sai da wankin ƙoda ko dashe. A shekarar 2000 aka ba da rahoton cewa cikin 39 da aka yi wa tiyata, an sami ciwon daji a hanyar fitsarin 18. Sin ta haramta amfani da tsiron a 2004. Kamannin suna kawai ya jawo wannan ɓarna. Ya kamata kuma masu maganinmu su sani cewa wannan tsiro dangin Aristolokiya ne, dangin da duman dutse na dazukanmu ya fito daga cikinsa.

Darasi na biyu shi ne na ma huang, tsiron da Sinawa suka yi ƙarnuka suna ba mai asma da mura na 'yan kwanaki. 'Yan kasuwa suka mayar da shi maganin rage ƙiba na kullum, ya riƙa tayar da hawan jini yana haddasa bugun zuciya da shanyewar jiki, har Amurka ta hana sayar da shi a wannan siga a 2004.

Darasi na uku shi ne na algus. A 2002 a Japan da Singafo, wasu magungunan rage ƙiba daga Sin da aka yi tallarsu da sunan tsirrai zalla sun lalata hantar mutane, wasu suka rasa rayukansu, bincike ya nuna an cusa musu sinadaran Bature a ɓoye. Haka kuma maganin sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka da Sin a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya, hukumomin kula da magunguna sun ci gaba da gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi na rage ƙiba. Saboda haka shayin da ya kashe wa mutum yunwa gaba ɗaya, ya busar masa da baki, ya hana shi barci, ya sa zuciyarsa bugawa da sauri, abin tuhuma ne. Ko koren shayi ma, hukumar ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta nuna a 2018 cewa dafaffensa ba shi da laifi ga yawancin mutane, amma tataccensa mai ƙarfi da ake sayarwa a ƙwaya na iya taɓa hanta.

Daga waɗannan darussa hattarar ta fito fili. Duk shayin da ke da filasko kada a wuce mako guda ana sha ba da shawarar likita ba, domin yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke bugawa da shi, yana kuma sa hanji ya saba har ya kasa aiki shi kaɗai. Mai ciki da mai shayarwa da yara su nisance shi. Mai ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya, da mai shan maganin hawan jini ko na sukari, ya tuntuɓi likitansa tukuna. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani zawo mai tsanani na iya rage aikinta. Mai ƙarancin jini ya raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Mai azumi kuwa, musamman a zafin bazarar Minna, shan mai sa zawo da sahur ganganci ne. A duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, amma a san cewa lambar da take ba magungunan tsirrai, mai ƙarewa da harafin L, izinin sayarwa ne bayan gwajin guba, ba shaidar cewa maganin na yin abin da aka rubuta a jikin kwalin ba.

7.0 Kammalawa

Maganin gargajiyar Sin ba abin rainawa ba ne. Daga cikin tsofaffin littattafansa ne Tu Youyou ta sami hasken da ya kai ta ga tace maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani nau'in tazargade a farkon shekarun 1970, aikin da ya ceci miliyoyin rayuka a Afirka, ya kuma ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai wannan nasara ta samu ne bayan an gwada, an auna, an san adadin da ke warkarwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma shayin rage ƙiba bai ci wannan jarrabawa ba tukuna.

Akwai aiki a nan ga ɗalibanmu na sashen Hausa. Sanin da tsofaffinmu ke da shi game da filasko da tafasa da duman dutse, da ƙa'idojin shan su, da waɗanda ake hana wa, yana tafiya tare da masu shi zuwa kushewa. Tattara shi a rubuce zai ba jama'a ma'aunin da za su auna abin da ake kawo musu daga waje. Wanda ya san filasko da sunansa na gida, da wuya a sayar masa da shi da sunan baƙo ya yi wata uku yana sha. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.